Ranar da Brimah Ya Kama Wutsiyar Alƙali

Assalamu alaikum, masu karatu. Ku gyara zama. Wanda ya san yana da akawu a danginsu ya yi haƙuri da ni tun yanzu, don abin da ya faru zan faɗa, kuma ba zan rage komai ba.

Sunana Barakatu, 'yar Alfa Amidu mai shanu, a Zongon Kumasi. A daminar shekarar 1956 shekarata ashirin da uku, kuma bazawara ce ni. Aurena na fari wata takwas ya yi. Mijin direban babbar mota ne, ya fi sanin lafiyar tayoyinsa a kan tawa, muka rabu salin-alin ba wanda ya zagi wani. Na dawo gidan Baba da akwatina, kuma tun daga ranar Gwaggo Azumi ba ta sake samun abin magana da ya wuce ni ba.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida. Duk namijin da ya tsaya saye, in dai da ƙafafunsa ya zo, sai ta auna shi da ido ta ga ko zai yi mini.

"Dubi hannunki," take ce mini. "Kamar daga ramin marina aka tsamo ki. Wane namiji ne zai ci tuwon da wannan hannun ya tuƙa?"

Hannun nawa kuwa da dalilinsa. Kawu Buraima, wan mahaifiyata, tsohon soja ne. Yaƙin Bama ya kai shi har Indiya, ya dawo da ƙafa ɗaya a shanye, da Turancin bariki, da wata sana'a da ba a taɓa gani a unguwarmu ba: buga zane a jikin yadi da rariya. Ba rariyar tankaɗe ba, amma 'yar uwarta ce. Katako ne mai kusurwa huɗu, a ɗaura masa siririn yadi mai shara-shara, a ja shi ya yi tsam kamar fatar ganga. Sai ka zana abin da kake so a kai, ka toshe duk sauran wurin da fenti, ka bar zanen kawai a buɗe. Ka shimfiɗa farin alawayyo a tebur, ka ɗora rariya, ka zuba rinin da aka dama da sitacin rogo ya yi kauri, ka ja shi da guntun robar taya da aka maƙala a katako. Ja ɗaya tak, hannu bai karkata ba. In ka ɗaga, zanenka na kwance a yadi kamar da shi aka saƙa.

Kawu haruffa kawai yake bugawa, sunayen makarantu da na 'yan ƙwallo. Ni da na karɓi aikin sai na koma kan abin da idona ya saba gani: zabi, balbela, ganyen gwaza, ƙadangare a bango. Matan Asante a kasuwar Kejetia sukan sayi ɗankwalina su tafi suna dariya suna nuna wa juna. Gwaggo ta ce hoton mai rai yana korar mala'iku daga gida. Amma ranar sunan jikar maƙwabta, ɗankwalina mai zabi ta ɗaura. Da na kalle ta sai ta ce zabin ba su da ido sosai, don haka ba laifi.

A can ƙarshen gidanmu akwai garke, a garken akwai sa guda ɗaya, Alƙali. Baba dillalin shanu ne, dubbai sun bi ta hannunsa zuwa wurin mahauta bai taɓa waiwaye ba, amma wannan daban ne. Shekara goma sha biyu kafin nan, su Baba suna koro shanu a ƙasa daga ƙasar Moshi, wajen ƙetare kogi a Yeji ruwa ya ɗauke ƙafar Baba. Bai iya iyo ba. Abin da hannunsa ya samu shi ne wutsiyar wani farin sa mai dogon ƙaho. San bai shure shi ba, ya yi ta iyo da shi har gaci. A bakin ruwan Baba ya yi alkawari wuƙa ba za ta hau wuyansa ba. An sa masa Alƙali saboda kallonsa: yakan tsaya ya zuba wa mutum ido yana tuƙa, har ka fara tuno laifukanka. Ni nake ba shi dusa da ɓawon rogo da kanwa tun ina 'yar shekara sha ɗaya. Ya san takuna. Ranar da na dawo daga gidan miji, kafin kowa ya yi mini sannu da zuwa, shi ya fara kuka daga garke.

Wannan labarin na zana a rariya mafi girma da na taɓa yi. Sati uku ina fama da ita. Sa a tsakiyar kogi, ƙaho a sama, mutum riƙe da wutsiya, ruwa na murɗawa kewaye da su, balbela ɗaya na shawagi. Na buga shi da shuɗi mai duhu a yadi shida. Da na shanya, Baba ya fito zai tafi masallaci, ya tsaya a gabansa har aka tayar da salla. Dama Baba ba mai magana ba ne. Amma rannan raka'ar farko ta wuce shi, abin da ban taɓa gani ba.

To, yanzu ga Brimah.

Brimah akawu ne a kantin wani kamfanin Turawa a cikin gari. Gwaggo ce ta kamo shi a bakin kaskon ƙosai. Kwat mai ruwan toka yake sawa ko da rana na dafa mutum, da laktaye ja, da tsagar kai da aka fitar da reza, da alƙalami uku a aljihun gaba. Daga baya na gane ɗaya ne kawai ke da tawada. Amma abin alfaharinsa shi ne fararen takalmansa na kambas, da yake shafa wa alli kullum da safe. Mutumin da ke zaune a Zongo da damina ya zaɓi farin takalmi, ku ku yi masa hukunci. In zai zo gidanmu tsalle yake daga dutse zuwa dutse kamar fara.

Zuwa zance bayan la'asar bai ishe shi ba, sai ya riƙa barin wasiƙa a hannun Gwaggo. Ita ba ta karatu, amma sai ta shinshina ambulan ɗin ta ce, "Ji ƙamshi. Wannan yaron ɗan mutunci ne." Ni Kawu ya koya mini haruffa, sai in buɗe:

"Mai Diya Barakatu. Ina fata kondishan naki yana da kyau kamar nawa. Zuciyata tana aikin obataim saboda ke. Bayan aure zan kama mana ɗaki biyu a unguwar Krofrom, ɗaya na kwana ɗaya na baƙi. Naki har abada, B. Hussein, Babban Akawu na Uku."

Na tambayi Kawu me ake nufi da babban akawu na uku. Ya ce a bariki sunansa wanda ake aika sayo goro.

Zan faɗa muku gaskiya, tunda na ce ba zan rage komai ba: ina ɗan son shi. Yana da dariya mai daɗi in ya manta shi akawu ne. Wata rana ruwa ya tsuge muna zaure, ya tuɓe kwat ɗinsa ya taya ni kwashe shanya, har takalman suka jiƙe bai yi ƙorafi ba sai sau biyu. Kuma na gaji da bakin Gwaggo. Na ce a raina wannan ɗakin baƙin na Krofrom, in na shiga, tebur zan kafa a ciki.

Wata Laraba ya ga yadin Alƙali a igiya, ya daɗe yana kallo. Ya ce in ara masa ya nuna wa mahaifiyarsa, ta ga irin matar da zai kawo mata. Na ninke na ba shi, har da fesa turare.

Sati biyu ban ga yadi ba, ban ga mai ɗauka ba. Rannan sai ga shi, kwat sabo, fuska kuma kamar wanda ya haɗiyi ƙashin kifi. Muka zauna a zaure, ni a tabarma, shi a kujerar ƙarfe ya shimfiɗa hankici ya zauna a kai. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin maganar ta fito. Ashe yadin bai je wurin mahaifiyarsa ba. Kanti ya kai shi. Manajan ya gani, matar manajan ta gani, ita kuma mai son tara kayan hannu ce, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Har an matsar da teburin Brimah kusa da taga, inda fanka ke kaiwa.

"Ka ce mata wa ya yi?" na tambaye shi.

"Ban ce komai ba. Ta tambaya, ni kuma na yi murmushi."

"Murmushin ne aka kai kusa da taga?"

Ya gyara laktaye. "Yanzu dai Madam ta ce ranar Asabar za ta zo ta ga inda nake aikin. Da idonta. Da kyamara."

"Inda kake aikin."

"Barakatu, ka duba mana. Ni da kai abu ɗaya ne. In an ɗaura aure, sunana ai sunanka ne."

"Ki."

"Me?"

"Ki ake ce wa mace. Wata huɗu kana neman aurena, har yau ba ka gane mace ce ni ba."

A Zongo rabin mutane haka suke Hausarsu, ban taɓa damuwa ba. Rannan ne kawai abin ya tsaya mini a wuya.

Sai ga Gwaggo daga bayan labule, inda ta ce wai tsintar shinkafa take yi.

"Me ya rage ki da shi in an ce shi ya yi? Yadin zai canza launi? Yaro na neman ɗaukaka, ɗaukakar nan wa za ta ci in ba ke ba? Ki tsaya a gefe ranar Asabar ki riƙe masa kwano, ki rufe wannan bakin naki na rabin yini. Ba za ki mutu ba."

Na kalli Brimah. Idonsa ya cika da tsoro na gaske, irin na mutumin da ya hau bishiya ya manta yadda ake sauka. Na ji tausayinsa, kuma na ji haushin kaina da na ji tausayin. Na ce to. Na ce amma ya zo kwana uku kafin Asabar in koya masa ja, don abin ba kamar yadda yake gani ba ne.

"Na sha ganin ki kina yi," ya ce, yana danna "ki" ɗin kamar zai fasa ta. "Ja ne kawai. Kuma in rini ya shiga farcena, me zan ce a ofis?"

Bai zo ba. Wasiƙa ya aiko maimakon kansa, wai in tabbata an share gida, kuma a ɗaure dabbar da kyau.

Asabar da hantsi baƙar mota ta tsaya a bakin lungunmu, don lungun bai ɗaukar mota. Gwaggo tun asuba take shara, ta ci ado da leshinta na Salla, ta sa awarwaro har gwiwar hannu. Baba na zaune a buzu ƙarƙashin mangwaro da carbi. Ban gaya masa komai ba, amma gidan da Gwaggo take ba a ɓoye zance. Kawu ya jawo benci kusa da shi ya miƙe shanyayyar ƙafarsa, ya ce ya zo ne ko za a buƙaci tafinta. Ba wanda ya gayyace shi. Ni kuma na ɗaura tsohon zanena na aiki, na dama rini a kwano, na shimfiɗa alawayyo, na jingina rariya, na koma gefe.

Madam doguwa ce, da hula mai faɗi, hancinta rana ta ƙona ya yi ja, kyamara na lilo a ƙirjinta. Brimah na gabanta yana nuna hanya. Ya ɗaura farin bante na kuku a kan kwat ɗinsa, ban san inda ya aro ba. Ya nuna Baba ya yi Turanci, ya nuna Gwaggo ya yi Turanci, ya nuno ni da leɓe ya faɗi wata gajeriyar magana.

"Ya ce ke ce yarinyar da ke wanke masa kwanoni," in ji Kawu, a hankali, cikin jin daɗi.

Na ce, "Na gode, Kawu."

Brimah ya ɗauki rariya ya kifa ta a birkice. Na yi tari. Bai waiwayo ba. Ya karɓi kwanon daga hannuna ya juye rinin gaba ɗaya, abin da zai buga yadi goma sha biyu. Ya kama roba da yatsu biyu kamar an ba shi mataccen ɓera, ya shiga kai ta yana kawo ta kamar mai guga. Rini ya fara ɗiga ta gefen tebur. Da ya ɗaga, abin da ke kwance a yadin ba sa ba ne, ba kogi ba ne. Wani baƙin dunƙule ne mai ƙaho ɗaya, kamar an taka kwaɗo da mota.

Madam ta sunkuya ta duba, ta ɗago ta dube shi.

"Ya ce damina ce," in ji Kawu. "Wai iska ta yi nauyi yau, rini ba ya jin magana."

Madam ta buɗe jakarta ta fito da yadina na asali, ta warware shi a igiya. Da na gan shi sai na ji kamar na ga ɗana goye a bayan wata mace. Ta nuna mutumin da ke riƙe da wutsiya ta yi tambaya. Brimah ya samu abin da ya iya. Ya sa hannu ɗaya a ƙirji, ya miƙa ɗaya sama, ya shiga zuba Turanci. Kawu ya karkato wajen Baba yana fassarawa ɗaya bayan ɗaya, bai rage murya ba.

"Ya ce wannan san shi ne kamfani. Wannan mutumin kuma mu ne, baƙaƙen fata. Kogin shi ne jahilci. Wai kamfani ne ke jan mu zuwa gacin ci gaba, mu kuma aikinmu mu riƙe wutsiya da kyau."

"Balbelar fa?" Gwaggo ta tambaya, don ita ta fara jin daɗin labarin.

"Ya ce balbelar Madam ce."

Na kalli Baba. Carbin ya tsaya a hannunsa.

Ko Madam ba ta yi kama da wadda ta yarda ba. Ta ɗan karkata baki, sannan ta tambaya ko san na nan da gaske. Da aka nuna mata garke sai idonta ya buɗe. Ta ce hoto take so, mai zane riƙe da wutsiyar sansa, daidai yadda yake a yadi.

Masu karatu, wata huɗu Brimah na zuwa gidanmu bai taɓa wuce bakin rijiya ba saboda Alƙali. Amma ga Madam, ga kyamara, ga teburi kusa da taga. Ya taka a hankali ya shiga garke yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake wuta. Alƙali ya juyo ya zuba masa ido yana tuƙa. Brimah ya zagaya ta baya yana karanta duk abin da ya tuna, ya miƙa hannu ya kama bakin wutsiya, ya juyo ya washe haƙora.

Alƙali bai shure shi ba. Bai taɓa shurin kowa ba. Ɗaga wutsiyar kawai ya yi, ya sauke abin da ya tara tun jiya, ɗumi-ɗumi, daidai kan fararen takalman nan guda biyu. Ni na ba shi ɗanyen ganyen rogo da yamma, amma Allah ya sani ban yi da nufi ba. Kyamarar ta ce ƙyas.

Kawu ya faɗo daga benci. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Matan gidan haya na maƙwabta, da suka jeru a kan katanga tun zuwan mota, suka kwashe da shewa.

Ni ban yi dariya ba, don idona na kan rariyata. Rinin da Brimah ya bari ya fara bushewa a cikinta. In ya bushe ya toshe ramukan, aikin sati uku ya tafi. Na yi alkawarin rufe baki, ban yi alkawarin zuba ido a kashe mini rariya ba. Na sure ta na kai bakin rijiya na wanke, na goge da tsumma, na yaye yadin da ya ɓata na shimfiɗa sabo. Na kwashe rinin da ya taru a gefen tebur da cokali, na ɗora rariya yadda ya kamata, na ja. Ja ɗaya. Na ɗaga.

Ga sa, ga kogi, ga mutum, ga balbela, kowane gashin wutsiya a wurinsa.

Madam ta dawo daga garke ta tsaya a kaina. Ta dubi yadin, ta kamo hannuna ta juya shi, ta ga shuɗin da ya zauna a farce da tsagar tafi. Ta waiwaya ta dubi Brimah, yana can yana kankare takalmi da ganyen mangwaro, hannayensa fes in ban da ɗan rinin yau. Ta yi wa Kawu tambaya.

"Ta ce wa ya zana."

Gwaggo na hararata, Brimah na kallona da idon roƙo. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Buraima, gaya mata 'yata ce ta zana. Mutumin nan ni ne. San kuma ga shi can ta gani. Kamfani bai zo Yeji ba."

Kawu ya miƙe tsaye a kan ƙafarsa mai lafiya ya fassara, kuma daga tsawon maganar na san ya ƙara nasa.

Madam ta tafi da sabon yadin ɗanye a hannu, tana riƙe da shi nesa da rigarta. Brimah ya bi ta a baya, amma direba ya dubi ƙafafunsa ya rufe ƙofa. A ƙasa ya tafi.

Daga rannan Gwaggo ta daina yi mini magana kai tsaye. Sai ta riƙa gaya wa kaskon ƙosai. "Wasu sun kori arzikinsu da kashin sa. Wasu za su tsufa da rariya a ƙarƙashin filo."

Ranar Talata bayan la'asar aka yi sallama. Baffan Brimah ne, Malam Karimu, da wasu dattawa biyu, kowa da lema. Suka zauna a zaure da Baba, ni da Gwaggo muna bayan labule, wannan karon ba wanda ya yi ƙaryar tsintar shinkafa. Malam Karimu ya ce an ci mutuncin ɗansu a gaban Baturiya. An ɗauke teburinsa daga taga an mayar da shi sito wurin buhuna. Yara a Kejetia har sun sa masa suna. Amma su mutanen kirki ne, ba za su fasa aure ba. Sharaɗi biyu ne kawai: a yanka san nan a yi walima da shi, kowa ya ci ya san an wanke wa yaro fuska, sannan rariyoyi su koma hannun miji, shi zai san yadda zai yi da su.

Gwaggo ta matse mini hannu. "Tsoho ne dama," ta raɗa mini. "Kwana nawa ya rage masa?"

Sai Baba ya ce, "Malam Karimu, ka zo wurin da ba shi ba. San nan ba nawa ba ne. Ranar Lahadi na ba Barakatu shi kyauta a gaban liman. Rariya kuma dama tata ce. Ita ba yarinya ba ce, ga ta nan bayan labule, ku tambaye ta."

Ban san da wannan kyautar ba sai a lokacin. Na gyara mayafi, na ɗaga labule na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mini.

"Baffa, ku yi haƙuri," na ce. "Ku gaya wa Brimah, abin da Alƙali ya yi masa a gaban idonsa ya yi, kuma ruwa da sabulu sun isa. Shi abin da ya yi mini a bayan idona ya yi. Sa ba zai yanku ba, rariya ba za ta fita gidan nan ba. Wasiƙunsa na nan a ɗaure, guda goma sha tara, in za ku tafi masa da su."

Suka tashi ba su sha ruwan da aka kawo ba. Wasiƙun ma ba su ɗauka ba. Na shiga garke na jingina kaina a wuyan Alƙali, na yi kukan da ban so kowa ya gani. Kada ku tambaye ni na mene ne. Wani na Baba ne, wani kuma, in za a bi gaskiya, na wannan ɗakin ne na Krofrom da mutumin da ya taɓa taya ni kwashe shanya.

Ranar Alhamis da safe baƙar motar ta sake tsayawa a bakin lungu. Direba ya shigo da farin ambulan ya tsaya a gaban kaskon Gwaggo.

"Ina neman Mista Barakatu Amidu."

"Babu mista a gidan nan," in ji Gwaggo.

Na fito na karɓa. Rubutun bayan ambulan ɗin na san shi kamar tafin hannuna, guda goma sha tara irinsa na ɗaure a akwatina. Shi aka sa ya rubuta, kuma ko a takardar kamfani hannunsa ya ƙi rubuta cewa mace ce ta yi. Kawu ya karanta mana. Madam na shirya nunin kayan hannu a Akra wata mai zuwa. Tana so mai zanen ta zo da rariyoyinta ta buga a gaban jama'a. Kamfani zai biya jirgin ƙasa, kuma ya ba da ma'aikaci ɗaya da zai raka ta ya yi mata tafinta ya kula da kayanta.

"Wane ma'aikaci?" Baba ya tambaya.

Kawu ya kai takardar kusa da ido, ya nisantar da ita, kafaɗunsa suka fara rawa.

"B. Hussein. Na sito."

Gwaggo ta saki matsamin ƙosai a cikin mai. Karo na farko cikin kwana biyar ta dube ni ido da ido.

"Akra? Ke da shi? To wallahi ƙafata ƙafarki."

Direba na tsaye yana jiran amsa. Na dubi Baba, ya ɗaga kai sau ɗaya. Na ninke takardar na soke a ƙugun zanena.

"Ka gaya wa Madam, Mista Barakatu zai zo," na ce. "Ka kuma gaya wa mai kula da kayan, rariya huɗu ce, ba sa shiga mota, ba a kuma ba ɗan dako. A ka zai ɗauke su daga nan har tasha. Ta tsakiyar Kejetia za mu bi."